Sawun Magagari

Na'Allah ya sake taka sandar tayar da babur, sandar ta tafi ƙasa sululu kamar ba ta haɗe da komai, injin ya yi tari biyu ya yi shiru. Ya share zufa da gefen hannu, ya ce wa mutanen da suka kewaye shi a ƙofar maƙerar Cindo su ja da baya ya sha iska. Ba wanda ya motsa. Ranar kasuwar Dakoro ce, kuma mutumin da ya baro Korahane tun da asuba a kan jaki ba ya barin wani ya hana shi kallon cikin babur kyauta.

Babur ɗin na gwamnati ne, na ma'aikatar kula da dabbobi. Nasaran da ke riƙe da ma'aikatar ya bar shi lokacin da ya tattara ya koma ƙasarsu, shekara biyu ke nan, aka miƙa shi ga Intalla, Buzun da ke yi wa shanu allura. Ga Intalla nan tsaye riƙe da ƙahon babur, rawani ya rufe masa baki, ido kawai ake gani. Wata huɗu ke nan babur yana ja da baya. Hayaƙi ya yi masa yawa, tudun rairayin da yake hayewa a guje yanzu sai Intalla ya sauka ya tura, shekaranjiya kuma ya ƙi tashi ɗungurungum. Ga shi jibi makiyaya za su tara shanu a rijiyoyin arewa, domin ana jin ƙishin-ƙishin cutar bushiya mai kashe shanu ta ɓulla.

A kan kujerar da aka ɗauko daga ofis Mahamman yake zaune, wanda ake kira Mushe, wato malam a bakin 'yan bokon Faransanci, sabon shugaban ma'aikatar da aka turo daga Yamai, da littafi a kan cinya. Ba mugu ba ne, amma saurayi ne mai jin zafin abu ɗaya: kada a ce nasara ya tafi, baƙar fata sun lalata abin da ya bari. Tun da safe ya faɗa a gaban kowa cewa in tsufa ne ya kashe babur zai rubuta tsufa, in kuwa sakaci ne ko taɓe-taɓe, Intalla ya ajiye kayan gwamnati ya koma bin raƙuma. Shi ya sa ya tare Na'Allah, makaniken babbar motar da ke zuwa daga Maradi ɗaukar gero duk ranar kasuwa, ya ce ya duba ya faɗi gaskiya. Aka kawo aikin rumfar Cindo saboda nan ne akwai inuwa da ƙarafa.

Shi kuwa Cindo yana can gefe a kan buzunsa, bai ko hura wuta ba ranar. Ya haura hamsin, maƙeri ne ɗan maƙeri, kuma a Dakoro an gama yarda cewa ƙarfe ba ya yi masa gardama. Keke, kwado, keken ɗinki, bindigar maharba, duk a hannunsa suke warkewa, ya kuma saba jin haka daga bakin mutane har abin ya zauna masa a rai fiye da kima. Yau ko gaisuwa da ƙyar yake amsawa.

"Kai maƙeri," in ji Intalla ta cikin rawani, "tashi ka ba baƙo ruwa mana. Ka yi zaune kamar kai ne shef."

Mutane suka yi dariya, suka juya suna jiran ramuwa. Wasan Buzu da maƙeri tsohon abu ne, na waɗannan biyun kuwa shekara ashirin ana sha masa kallo. Da wata rana ce, da Cindo ya ce masa ɓarawon akuya wanda gwamnati ta yi wa wando. Yau sai ya ce, "To," ya miƙe ya ɗebo ruwa a randa.

Na'Allah ya sha, ya durƙusa. Ya zare bututun isansi, wato fetur, man ya zubo masa a tafin hannu. Ya kwance buji, wato fulogi, ya jingina shi a jikin injin, ya sa aka taka, wuta shuɗiya ta yi tsalle a bakinsa.

"Isansi na zuwa, wuta ta yi," ya ce. "Saura lumfashi. Baba Cindo, zo ka ara mini babban yatsanka, naka ya saba da zahi. Toshe ramin ga da ƙarhi."

Ba yadda Cindo zai yi. Ya durƙusa ya danna yatsa a ramin bujin. Na'Allah ya taka sandar. Iska marar ƙarfi ta shafi yatsan Cindo ta wuce.

"Mi ka ji?"

"Iska kaɗan."

"Lahiyayyen inji, Baba, da ya ture yatsanka har ka ji a gwiwar hannu. Kai ka hi ni sani. Zuga-zuginka in fatar ta huje, kana dannawa, iska na hita ta gehe, wuta na kallonka. To haka wanga yake. Fistan na hawa ya matse iska da isansi, su kuwa suna sulalewa ta wani wuri. Wurin za mu nema."

Ya aika aka samo cokali, ya cika shi da baƙin mai, ya ɗura a ramin, ya juya injin a hankali sau biyu. Sannan ya ce Cindo ya sake toshewa. Wannan karon da ya taka, yatsan Cindo ya yi sama da ƙara fut, mai ya fantsama masa a gemu. Kasuwa ta ɗauki sowa kamar an yi kaye a kokawa.

"Ya warke!" wani ya ce.

"Bai warke ba, magana ya yi," in ji Na'Allah. Ya juya wurin Mushe Mahamman. "Mushe, da ƙofofin iska na sama ne ke yoyo, mai ba shi toshe su, ba mu ga canji ba. Tunda mai ya toshe, ta gehen fistan take hita. Zobban da ke jikinshi sun daina kama bango. Sai na buɗe."

Cindo ya koma kan buzunsa yana goge gemu. Duk wanda ke rumfar nan jira yake ya ga abin da ke cikin injin, ban da shi. Shi ya riga ya gani.

Wata huɗu da suka wuce ne. Matakin ƙafar babur ya karye, Intalla ya bar masa shi ya gyara, shi kuma ya hau raƙumi ya yi arewa na mako biyu. Gyaran mataki bai ci wa Cindo rabin yini ba. Sauran kwana goma sha uku babur yana jingine a ƙuryar maƙera yana kallonsa, shi ma yana kallonsa. A kwana na huɗu ya ja asabari ya kwance kan injin, a cewarsa don ya ga abin da nasara ya ɓoye a ciki. Abin da ya tarar ya ba shi haushi: baƙin dauɗa ya kama ko'ina, ƙarfe mai kyau an bar shi kamar gindin tukunya. Ya samo rairayi mai laushi da toka, ya yi kwana uku yana goge cikin silinda, ramin da fistan ke kai-komo, har yana ganin haƙoransa a ciki.

Wurin mayarwa aka yi ta. Fistan ya ƙi shiga, zobban da ke jikinsa sun buɗe sun tsaya a baki. Bai san matse su ake yi da dabara a tura ba. Abin da ya sani tun yana yaro a gaban ubansa shi ne, wuƙar da ta ƙi shiga kube rage ta ake yi. Ya cire zobban ɗaya bayan ɗaya, ya bi bayansu da magagari, ya ƙarasa a dutsen washi, har fistan ya riƙa shiga yana fita ba gardama. Ranar ya kwanta yana jin ya gyara wa nasara kuskurensa. Bai faɗa wa Intalla ba, ya bari sai babur ya ƙara gudu sannan ya yi masa gori a kasuwa. Gudun bai zo ba. Hayaƙi ne ya zo, tun daga nan kuma duk lokacin da ya ji tarin babur a hanya sai ya sunkuyar da kai a kan uwar maƙera.

Na'Allah ya cire kan injin ya ajiye a kan tabarma, ya zare silinda, fistan ya fito fili yana lilo. Ya goge cikin silindar da tsumma, ya ɗaga ta wajen hasken rana ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa. Sannan ya cire zobe ɗaya, ya sa shi a cikin silindar shi kaɗai, ya miƙa wa Mushe Mahamman.

"Duba, Mushe. Kana ganin haske ta gehe?"

"Ina gani."

"Bai kamata ka gani ba. Bakin zoben ga kuwa, kamata ya yi da ƙyar farce ya shiga tsakani. Ga shi ɗan yatsana na shiga."

"Bon. Tsuhwa ke nan?"

Cindo ya kafe zoben da ido. Wallahi a wannan lokacin da an ce ya ba da maƙerar gaba ɗaya a ce tsufa ne, da ya bayar.

Na'Allah ya juya zoben a hannu, ya bi bayansa da farce. "Tsuhwa na ciki, moton ya sha hanya. Amma tsuhwa daidai take cin zobe, ko'ina sumul. Wanga wani wuri kauri, wani wuri siriri, ga sawu nan a karkace. Cikin silinda kuma, can ƙasa inda zobe ba shi kaiwa, an goge shi da abu mai kaushi. Hannu ne, Mushe. An buɗe injin ga."

Mushe Mahamman ya buɗe littafinsa, ya dubi Intalla.

"Wa ya buɗe?"

"Ba wanda ya buɗe, shef," in ji Intalla. "Tun tahiyar nasara a hannuna yake."

"Makanisiye ya ce an buɗe. Kai ka ce a hannunka yake. To wa ya rage?"

Intalla ya gyara rawaninsa, ya kafa wa babur ido.

Na'Allah yana goge hannu da tsumma. Idonsa ya bi bangon zana inda Cindo ke soke kayan aikinsa, ya tsaya a kan magagari, ya sauko kan Cindo. Daƙiƙa ɗaya ce, ya kawar da kai ya ci gaba da goge hannun da ya riga ya bushe. Yaron kirki ne, ba zai tona wa sa'an ubansa asiri a kasuwa ba. Wannan kawar da kan ya fi yi wa Cindo ciwo a kan a ce ya nuna shi da yatsa.

Alƙalamin Mushe Mahamman ya fara tafiya a kan takarda. Cindo yana jin ƙararsa. Yana kuma jin zuciyarsa tana kawo masa dalilai, masu kyau kuwa. Babur ai dama tsoho ne. Intalla yana da raƙuma uku a wurin ƙaninsa, ba zai kwana da yunwa ba. Shi fa, in sunan nan ya zube a ranar kasuwa, gobe har garin Mai Yara an ji, wa zai sake kawo masa ko kwado? Ya dubi ƙasa. Ya dubi ƙafafun Intalla cikin takalmin fata da ya sha ɗinki, ya tuna 'ya'ya biyar ne a gidan, babbar ma bana aka sa ta lakwal, makarantar boko. Kunya ta rufe shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa, amma bai tashi ba. Sai da ya ji an ce, "Intalla, gobe ka maido akwatin allura ofis," sannan ya ji kansa a tsaye.

"Mushe, ni ne."

"Kai ne mi?"

"Ni na buɗe shi."

Wani daga baya ya fashe da dariya, saura suka bi. "Maƙeri zai ceci Buzunshi!" Har Mushe Mahamman ya yi murmushi, ya ɗaga hannu.

"Baba, na san wasan da ke tsakaninku, an ba ni labari. Wanga ba wurin wasa ba ne. Zauna."

Cindo bai taɓa zaton mutum zai tara ƙarfinsa duka ya faɗi laifinsa a ƙi karɓa ba. Ya tsaya baki buɗe. Da ya zauna a lokacin, da shi ke nan, har yabo zai samu a gari cewa ya yi ƙoƙarin rufa wa abokin wasansa asiri. Ya ga wannan ƙofar sarai a buɗe. Sai ya taka zuwa bangon zana ya zaro magagarin, ya karɓi zoben daga hannun Na'Allah, ya ɗauko wani guntun ƙarfe a ƙasa ya maƙale a awartaki. Ya ja magagari a kansa sau uku, a karkace, yadda hannunsa ya saba ja shekara arba'in. Ya haɗa guntun da zoben ya miƙa wa Mushe Mahamman.

"Haƙori ɗaya ya karye a magagarin ga tun bara, shina barin layi. Duba nan, duba nan."

Mushe Mahamman ya duba. Ya miƙa wa Na'Allah. Na'Allah ya duba ba don yana bukata ba, ya gyaɗa kai.

Dariya ta ɗauke. Cindo ya faɗi sauran da bakinsa, bai rage ba: asabarin da ya ja, rairayi da toka, kwana uku, fistan da ya ƙi shiga. Ya ce Intalla yana arewa, ba da saninsa aka yi ba. Da ya kai wurin da ya ce ya ɗauka zoben ne ya yi girma, wani matashi ya ƙyalƙyale da dariya, wani dattijo ya daka masa tsawa. Tsawar ma ba ta yi wa Cindo daɗi ba, domin tausayi ne a cikinta.

"Zoben da gangan aka yi shi ya hi ramin buɗewa, Baba," in ji Na'Allah a hankali, yana kallon tabarma. "Ƙin shigar nan ita ce aikinshi."

"Yanzu na sani."

Mushe Mahamman ya ja layi a kan abin da ya rubuta, ya buɗe sabon shafi. Ya ce Intalla ya riƙe akwatinsa, amma ya nemi raƙumi, jibi shanu ba za su jira ba. Ya tambayi Na'Allah ko ana samun zobba. Na'Allah ya ce sai ya cigita a Maradi, in babu sai an aika Kano, silindar ma sai an gani ko za ta karɓi sababbi. Sannan shugaban ya miƙe, ya dubi Cindo. Bai ɗaga murya ba.

"Daga yau, ko ƙusar gwamnati kada ta sake shigowa rumfar ga. Sunanka kuma shina cikin takardar da za ta tahi wurin kumandan mai mulkin Dakoro. Ba ni da yadda zan yi."

"Daidai ne, Mushe."

Aka tattara injin a buhu, mutum biyu suka tura gangar jikin babur zuwa ofis. Jama'a ta watse da sauri, kowa yana son ya riga wani kai labari cikin kasuwa. Wani mutumin Roumbou da ya kawo keken ɗinki tun da hantsi ya ɗan yi jim, ya ce ya tuna yana da sauri, ya ɗora kekensa a ka ya tafi.

Bayan la'asar Cindo yana zaune inda aka bar shi, sai ga Intalla ya dawo riƙe da sirdin raƙumi. Ya ajiye a gabansa, ya nuna ƙarfen gaba da ya tsage, ya tsuguna.

"Wanga ba na gwamnati ba ne. Gobe da azahar nike so."

Cindo ya jawo sirdin, ya yi ta juya shi don kada ya ɗaga ido. "Intalla, ka yahe mini. Wata huɗu kana tura moto a rairayi, ina kallonka. Na cuce ka, ba ka sani ba."

Intalla ya sassauta rawani ya sauke shi ƙasan haɓa, abin da ba ya yi a gaban mutane.

"Wa ya ce maka ban sani ba?"

Cindo ya ɗago.

"Ranar da na dawo daga arewa, ko sirdi ban sauke ba matata Lalla ta tare ni da labari. Matarka Uwale ta hwaɗa mata a bakin rijiya, wai ka ƙarar mata da tokar wanke tukwane kana yi wa moto wanka. Na ɗauka wankan ne kawai, na ce bari in jira ka zo da gorinka. Zancen magagari yau na ji shi, tare da kowa."

"To da shef ya tambaye ka wa ya buɗe..."

"In ce mi? In ce Cindo, a gaban mutanen Korahane da na Roumbou? Ka san bakina ba shi iya wannan."

"Da aikinka? Da ɗiya biyar?"

Intalla ya ɗaga kafaɗa. Ya tsinci wani ɗan gawayi yana murzawa a yatsu. Da ya yi magana, babu wasa a muryarsa, babu kuma faɗa.

"Duk na san wannan tun da sahe. Abu ɗaya ne ban sani ba, ko za ka tashi. Shef ya rubuta layi huɗu kahin ka miƙe, ina ƙirgawa."

Ya mayar da rawaninsa, ya miƙe, ya ce sai gobe da azahar. Cindo ya so ya ce masa ai ko ta yaya zai tashi, sai ya fasa, domin shi ma bai sani ba sai da ya ji kansa a tsaye. Ya bi bayan Intalla da kallo har ya sha kwana, sannan ya jawo kwandon gawayi ya fara hura wuta.